Adawar Da Aka Kora Waje, Da Abin Da Damargu Ta Gani

A shekarar 2019 na je Yamai wani taron ƙara wa juna sani na malaman tarihi. Kusa da masaukina akwai teburin mai shayi, kuma kowace yamma nakan tarar da wani saurayi siriri yana zaune a ƙarshen benci, ba ya magana da kowa. Da na dubi fuskarsa sai na ɗauka Buzu ne, na gaishe shi da 'yar Buzancin da duk ɗan Tanut yake da ita a baki. Ya yi murmushi ya girgiza kai. Na gwada Fillanci, nan ma shiru. A ƙarshe Larabci ne ya haɗa mu, nawa na makarantar zaure, nasa na kasuwannin Sudan da gidajen tsare mutane na Libiya. Ashe mutumin Eritiriya ne, yana cikin waɗanda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara kwasowa daga Libiya zuwa Nijar tun ƙarshen 2017, kafin a sama musu ƙasar da za ta karɓe su.

Da ya ji ni malamin makaranta ne sai ya yi dariya ya ce, "Ustaz, ai ni ma malami ne, sai dai ba ni na zaɓa ba." Ya bayyana mini cewa a ƙasarsu duk ɗalibin sakandare a sansanin soja na Sawa yake yin shekararsa ta ƙarshe, daga nan ya shiga bautar ƙasa. A takarda wata 18 ne, a aikace kuwa ba ta da ranar ƙarewa. Wani a tura shi bakin iyaka da bindiga, wani a miƙa masa alli a ce ya shiga aji. Shi alli ya samu, ya yi shekaru yana koyarwa, sannan ya gudu da ƙafa zuwa Sudan. Na tambaye shi, to 'yan adawa fa, ba mai cewa uffan? Ya ɗaga hannu ya nuna gabas, ya nuna yamma, ya ce duk suna waje.

Wannan amsa tasa ita ta sa na dawo gida na sake duba tarihin da nake koyarwa, domin mu ma a Damargu mun san adawar da take waje. Mun san ta ne ta hanyar da takan biyo in za ta dawo.

Bari in fara da nasu a taƙaice, saboda iyaye da yawa sunan ƙasar kawai suke ji a rediyo, ko da yake akwai tsatson Hausawa a can, jikokin alhazan ƙafa da suka nufi tashar jirgin ruwa ta Masawa suka yada zango har abada. Italiya ta mallaki Eritiriya a 1890. Ingila ta karɓe ta a 1941, aka haɗa ta tarayya da Habasha a 1952, Sarki Haile Selassie ya rushe tarayyar ya haɗiye ƙasar a 1962. An fara yaƙin neman 'yanci a watan Satumba na 1961, aka kwashe shekara 30 ana yi. Ƙungiyoyin 'yancin biyu, ELF da EPLF, sun yaƙi junansu har sau biyu a cikin wannan tsakanin, kuma a 1981 EPLF ta kora ELF zuwa Sudan. Wato tun kafin a samu ƙasar an riga an saba cewa wanda ya saɓa maka, makomarsa ƙetaren iyaka. EPLF ta shiga Asmara a watan Mayu na 1991, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Afrilun 1993, Isaias Afwerki ya zama shugaba, kuma har yau shi ne. An amince da kundin tsarin mulki a 1997, ba a taɓa aiki da shi ba. Ba a taɓa zaɓen shugaban ƙasa ba. Bayan yaƙin iyaka da Habasha na 1998 zuwa 2000, wasu manyan jam'iyyar su 15 suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a yi zaɓe. A watan Satumba na 2001 aka kama 11 daga cikinsu, har da tsofaffin ministocin harkokin waje irin su Petros Solomon da Haile Woldetensae, aka rufe duk jaridu masu zaman kansu. Ba a kai ko ɗayansu kotu ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Sudan ta ba masu adawa da Asmara mafaka, Asmara ta rama ta hanyar karɓar 'yan adawar Sudan, har ta miƙa musu ginin ofishin jakadancin ƙasarsu. Habasha ta tara ƙungiyoyin adawar Eritiriya a Addis Ababa, Eritiriya ta tara 'yan tawayen Oromo da na Ogaden da 'yan Ginbot 7. Kowa yana kiwon karen da zai ciji maƙwabcinsa. Ranar da Abiy Ahmed ya sauka Asmara a watan Yuli na 2018 suka rungumi juna da Isaias, 'yan adawar Eritiriya da ke Addis Ababa suka wayi gari ba mai bukatarsu. Da yaƙin Tigray ya ɓarke a Nuwamban 2020 kuwa, sansanonin Hitsats da Shimelba, inda talakawan Eritiriya suka fake, su aka rusa.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya buɗe taswira zai ga Tanut tana kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, kimanin kilomita 150 arewa da birnin Zinder, Balbeji kuma tana yamma da ita a ƙasar Tarka. Nan ne gona take ƙarewa makiyaya ta fara. Tun zamanin ayari Damargu ce rumbun Azbin: geronmu ake lodawa a raƙuma a kai duwatsu, a kai har Bilma a musanya da gishiri da dabino. Bature Heinrich Barth ya ratsa nan a Janairun 1851, kuma a nan ne suka rabu da abokan tafiyarsa biyu, kowa ya kama tasa hanyar. Ƙasar da take da hatsi da rijiyoyi a bakin hamada, duk mai tafiya arewa ko kudu sai ya taka ta, ko ɗan kasuwa ne ko mai yaƙi.

Faransawa sun iso a ƙarshen 1899. A 1900 suka gwabza da Abzinawan Damargu ƙarƙashin Musa a Tanamari, suka ci su. Cikin waɗanda suka ƙi zama ƙarƙashin Nasara suka yi hijira gabas akwai wani saurayi na zuriyar Ikazkazan, haifaffen nan Damargu wajen 1880, mai suna Kawusan. Ya shiga ɗariƙar Sanusiyya, ya yi yaƙi a ƙasashen da yau suke cikin Cadi, daga baya ya gangara Fazzan. A lokacin Libiya tana tafasa. Italiya ta mamaye ta a 1911, kuma cikin sojojin da ta tura kudancin ƙasar akwai askarawan da ta ɗebo daga Eritiriya. Sanusawa suka fatattake su daga Fazzan a 1914, suka kwashe makamai. Ga kuma Yaƙin Duniya na Farko, Turkawa suna neman duk wanda zai ɗaga wa Faransa da Ingila hankali a bayan gida. A cikin wannan yanayi Kawusan ya samu bindigogin zamani har da igwa. A gida kuwa mutane sun jigata: yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914 ta yi ɓarna, ga haraji, ga kwasar raƙuma da Nasara ke yi don jigilar kayansa.

A Disamban 1916 Kawusan ya iso Agadas, Sarkin Azbin Tagama ya mara masa baya, suka yi wa barikin Faransawa zobe. Kusan wata uku ana haka. Rundunar ceto ta taso daga Zinder, ta ratsa Damargu, Ingilishi suka taimaka daga Nijeriya, aka karya zoben a farkon Maris na 1917. Abin da ya biyo baya shi ne ba ma cika faɗa wa yara ba. An kashe malamai da dama a Agadas, an kwashe mutanen Azbin daga garuruwansu, dukiyar raƙuma ta salwanta, jama'a suka kwararo kudu zuwa Damargu har Kano, kuma fataucin ayari ya daɗe bai farfaɗo ba. Kawusan kansa ba Faransawa suka kashe shi ba. A Murzuk ta Fazzan aka rataye shi a farkon 1919, cikin rikicin masu iko na can, bayan yaƙin duniya ya ƙare kuma waɗanda suka ba shi makami sun shiga tasu matsalar. Tagama ya mutu a kurkukun Faransawa a 1920.

Kada wani ya ce na daidaita Kawusan da ɗan jam'iyyar adawa. Baƙon da ya ci ƙasa da bindiga ya yaƙa, kuma ni ma ina alfahari da shi ɗan ƙasarmu ne. Abin da nake nunawa kawai shi ne fasalin lamarin: an toshe wa mutum baki a gida, ya fita, ya samu mai gida a waje, ya dawo a lokacin da ya dace da mai gidan, sannan garuruwan kan hanya su biya.

Labari na biyu ya fi kusa da na Eritiriya, domin tsakanin 'yan ƙasa ɗaya ne, kuma shi ne littattafanmu suka fi yi wa rowar shafi. Jibo Bakari shi ne magajin garin Yamai na farko a 1956, shi ne kuma ya jagoranci gwamnatin cikin gida a 1957. Jam'iyyarsa Sawaba, mai alamar raƙumi, ta talakan gari ce: direbobi, yaran mota, 'yan kamasho, teloli, ƙananan ma'aikata. Tana da ƙarfi a ƙasar Damagaram, inda ba a manta an ɗauke hedikwata an kai Yamai a 1926 ba, tana kuma da zumunci da NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda ita ma "sawaba" ce kalmarta. A ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958 Jibo ya ce a jefa "a'a", a karɓi 'yanci nan take kamar yadda Seku Ture ya nema a Gini. Faransa ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka juya sarakuna, aka matsa, "i" ta ci da kusan kashi 78 cikin 100. Gwamnatin Jibo ta faɗi, Jori Hamani na RDA ya hau, a Oktoban 1959 aka haramta Sawaba. Da aka samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya ce a ƙasar.

Kawuna yaron mota ne a hanyar Zinder zuwa Agadas a waɗannan shekaru. Har ya rasu bai taɓa furta mini cewa shi ɗan Sawaba ba ne. Inna ce ta gaya mini, bayan an yi sadakar arba'in, cewa akwai daren da ya tona rami a turken akuya ya binne wata 'yar takarda mai hoton raƙumi. Na tabbata gidaje da yawa a Tanut da Gangara da Balbeji suna da irin wannan rami, in da za a tambayi tsofaffi kafin su tafi.

Shugabannin Sawaba suka watsu Bamako da Accra, wasu suka ɓuya a Kano. Aka tura matasa horon soja Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa, Kwame Nkrumah ya ba su sansani a Gana. Dahome, wadda ke rigima da Nijar kan tsibirin Lete, kuma aka kori 'yan ƙasarta daga Nijar a ƙarshen 1963, ta buɗe musu hanya. A ƙarshen damina ta 1964 suka fara shigowa ƙungiya-ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma, da tsammanin talakawa za su tashi su mara musu. Hakan bai faru ba. Shekara biyar a waje ta sa sun manta cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen da suka bari sun sha kamu da duka, tsoro ya shige su, kuma gwamnati ta sa ƙauyuka su fito da kwari da baka su yi farautar baƙin. A Oktoba aka harbe wasu daga cikin waɗanda aka kama a bainar jama'a a Yamai. A Afrilun 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin idin Babbar Salla da nufin kashe Jori, bai same shi ba, wani yaro ne ya mutu. Aka cika gidajen kaso da mutane, da masu laifi da waɗanda kawai aka taɓa gani da mai laifi.

Sai kuma aka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966. Sojojin da suka karɓi mulki a Accra ba su da wata bukata ga Sawaba, suka tattara waɗanda suka samu suka miƙa wa Yamai. Jibo ya tsallake zuwa Gini. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Ya dawo gida bayan Seyni Kunce ya kifar da Jori a Afrilun 1974, shekara ba ta yi nisa ba Kunce ya ɗaure shi. Yau filin jirgin saman Yamai sunan Jori yake ɗauke da shi, gadar Farie a kan kogin Kwara kuma sunan Jibo Bakari. Ƙasa ta sasanta su bayan duk sun kwanta dama. Yaran motar da suka mutu a kurkuku ba su da gada.

A ganina laifi biyu ne a nan, kuma bai kamata malami ya ɓoye ɗaya don ya haska ɗaya ba. Wanda ya rufe ƙofar jam'iyya a 1959 shi ya fara. Wanda kuma ya zauna a Accra ya tura 'ya'yan mutane su mutu bisa lissafin da bai bincika ba, shi ma yana da nasa kason.

Akwai wani daidaiton shekaru da nakan rubuta wa ɗalibai a allo. A 1991 EPLF ta shiga Asmara, a 1991 muka yi Babban Taron Ƙasa a Yamai daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamba. A Maris na 1993 Mahaman Usman, ɗan Damagaram, ya ci zaɓe, wata guda bayan haka Eritiriya ta kaɗa ƙuri'ar 'yanci. Su suka zaɓi murya ɗaya, mu muka zaɓi hayaniya. Hayaniyar tamu ba ta yi kyan gani ba: rikicin shugaba da firaminista, albashin malamai da ake bin bashi wata da watanni, shekarun karatu da suka tafi a banza, juyin mulki a 1996 da 1999 da 2010. Amma a cikin wannan hayaniyar ne aka zauna da 'yan tawayen Abzinawa, waɗanda da yawansu farin 1973 da na 1984 ne ya kora su Libiya, Gaddafi ya ba su horo ya tura su yaƙe-yaƙensa, aka sa hannu kan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Risa ag Bula, wanda ya jagoranci tawaye, ya zama minista. A Asmara irinsa da ko kabarinsa ba za a nuna wa iyalinsa ba.

Na uku kuwa da idona na ga sawunsa. A Fabrairun 2007 ƙungiyar MNJ ta fara kai hari a Azbin, tana maganar kuɗin yuraniyom da alkawuran 1995 da ba a cika ba. Shugaba Tanja Mamadu ya ce ba 'yan tawaye ba ne, 'yan fashi ne da masu fataucin ƙwaya, ba zai zauna da su ba. Aka sa dokar ta-ɓaci a jihar Agadas, aka kama 'yan jarida irin su Musa Kaka saboda sun yi magana da mutanen dutse. Mu a Damargu muna ganin abin na arewa ne, sai ranar 21 ga Janairu 2008 motocinsu suka faɗo cikin garin Tanut. An rasa rayuka, suka kuma tafi da mutane, har da firefen gari.

A lokacin ina koyarwa a wata makaranta a wajen gari. Kwana biyu ajin rabi ne. Da yara suka dawo, sai na lura bencin da wasu yaran Buzaye biyu ke zama ya zama nasu su kaɗai, alhali da su huɗu ne a kai. Ba wanda ya ce a yi haka. Yaran nan iyayensu makiyaya ne a ƙasar Tarka, ba su san Aghali Alambo ba ko a hoto, kuma rufewar hanyar Agadas ta fi cutar da su fiye da kowa, domin kuɗin dabba ya faɗi. Na tsaya a gaban allo ina da darasin da zan yi kan wani abu dabam, na rasa ta inda zan fara. Abin da na iya yi kawai shi ne na sake rabon wuraren zama bisa jerin sunaye, na ce umarni ne daga direkta. Ƙarya na yi, kuma har yau ina ganin da na fi kyautawa in na buɗe maganar a fili. A 2009 aka ajiye makamai, kuma a Libiya aka ƙulla sulhun, wurin Gaddafi. Bayan shekara biyu shi ma ya faɗi, makamansa suka bazu cikin hamada, kowa ya san inda suka kai Mali.

Ban rubuta wannan don in yi wa kowa hukunci kan abin da ake ciki yau ba, amma ba zan yi kamar ban gani ba. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wasu 'yan siyasarmu suna waje. Risa ag Bula ya sanar da wata ƙungiyar adawa a watan Agusta na wannan shekarar. A Yunin 2024 wata ƙungiya mai makami ta ɗauki alhakin fasa bututun man da ke zuwa Benin, wato tsohuwar Dahome. A Maris na 2025 aka rusa dukkan jam'iyyun siyasa. Akwai masu ganin jam'iyyun su suka jawo wa kansu, kuma duk wanda ya ga yadda aka yi ta sayen ƙuri'a da atamfa da sabulu a ƙauyukanmu ba zai ce ba su da hujja ba. Tambayar da tarihin Damargu yake yi ita ce, wanda bai yarda ba, ina zai je ya faɗa? In amsar ita ce Sabha ko Kwatano ko Faris, to mun san hanyar da yakan biyo, kuma mun san garin da ke kilomita 150 arewa da Zinder.

Ɗalibanmu na ajin ƙarshe na kwaleji sun haddace sunan Kawusan da shekarar 1916. Ka tambaye su Sawaba, sai ɗaya ko biyu su ɗaga hannu. Bara na ba su aikin gida: kowa ya tambayi tsoho ko tsohuwar gidansu ko ya taɓa jin wata jam'iyya mai alamar raƙumi, ya rubuto abin da aka ce masa ba ƙari. Wani uba ya zo har makaranta ya ce, "Mushe, ka bar tona abin da aka binne, yaran nan jarrabawa za su yi." Na ba shi kujera muka yi kusan awa guda. Kafin ya tashi ya ba ni labarin yadda aka zo da dare aka tafi da ƙanen mahaifinsa a 1964, aka dawo da shi bayan shekaru ba haƙora a bakinsa. Ya ce ko 'ya'yansa bai taɓa gaya wa ba. Na roƙe shi ya bar 'yarsa ta rubuta, ya ce zai yi shawara.

Saurayin nan na teburin mai shayi kuwa, ranar da zan bar Yamai na koma in yi masa sallama. Mai shayin ya ce an kai su sansanin Hamdallaye, yana jiran a kira sunansa.